Kowace Bindiga da Harsashinta

Ni ma'aikacin jinya ne a Dirin Daji, hedikwatar ƙaramar hukumar Sakaba a masarautar Zuru. Wankin rauni da ɗinki su ne aikina. Idan aka kawar da amfanin gona, ciyawa ta bushe, farauta ta kankama, sai a fara kawo mana maharba. Mafi yawan waɗanda nake gani ba naman daji ne ya ji musu ciwo ba, bindigarsu ce.

Duk wanda ya zauna da maharba ya san gardamarsu ba ta ƙarewa. Mai adaka zai ce tasa ta fi, don shi ke auna albarushinsa da kansa, kuma ba ta cin kuɗi. Mai baki ɗaya ko baki biyu, wadda ke ɗaukar harsashi lamba 12, zai ce damina ba ta hana tasa tashi. Su ma sun rabu: mai bin zabi da makwarwa na son harsashi mai ƙananan 'ya'yan dalma da ke watsuwa, mai bin gada da mugun dawa na son manyan 'ya'ya masu nutsewa. Dattawan da suka yi soja kuwa, ga su nan birjik a ƙasar Zuru, har gobe .303 suke yabo, harsashin Ingila na 1888 wanda iyayenmu suka riƙa a yaƙin Bama.

A ƙasashen waje ma haka ake fama. Wasu na rantsuwa da 7x57 Mauser na Jamus, na 1892, saboda ba ya dukan kafaɗa, ga shi da shi wani maharbi ɗan Sikotilan, W.D.M. Bell, ya kashe ɗaruruwan giwaye. Amurkawa na ji da .30-06 na 1906. Masu bin ɓauna sun fi amincewa da .375 Holland & Holland na 1912. Sai dai duk saɓaninsu, akwai inda bakinsu ya zo ɗaya: ba a sa wa bindiga harsashin da ba a ƙera ta dominsa ba. Mu a nan ne muke sakaci, kuma a nan yatsu da idanu ke salwanta.

Mafi muni shi ne farke harsashin kanti a zuba garinsa cikin adaka, wai don ta ƙara ƙarfi. Wannan gari ba albarushi ba ne. Matsin da yake haifarwa ya fi ƙarfin bututun adaka nesa ba kusa ba, sai ƙarfen ya tarwatse daidai inda hannun hagu ke riƙe, kusa da fuska. Haka ma wanda ya manta ya ɗura, ya sake ɗurawa a kai.

Masu lamba 12 su ma ba su tsira ba. Akwai harsashi mai tsawon milimita 70, akwai mai 76. Dogon yana iya shiga bindigar da aka yi domin gajere, har ta rufu lafiya lau, amma idan ya tashi bakinsa ba ya samun wurin buɗewa, sai matsin ya hau. An buga tsawon a jikin ƙarfen bindiga, wanda bai iya karantawa ba ya nemi a duba masa. Kada kuma a haɗa harsashi lamba 20, wanda galibi rawaya ne, da lamba 12 a aljihu guda. Ƙaramin kan zurma ya maƙale a cikin bututu, a sa babban a bayansa, a ja kunama, bindiga ta fashe. Laka ko gidan zanzaro a bakin bindiga ma ɓarna iri ɗaya suke yi, shi ya sa ake fitar da harsashi a duba bututu kafin a fita. Idan ka ja kunama ba ta tashi ba, kada ka juyo da bakinta wajenka. Bar shi yana kallon inda ba kowa, ka jira kamar minti guda.

Sai maganar dalma. A 2010 gubarta ta kashe yara kusan 400 a Anka da Bukkuyum, maƙwabtanmu na Zamfara. Ta haƙar zinare ce, amma dalmar harsashi ma ita ce dai. A yanke naman da ke kewaye da inda harbi ya shiga a yar, musamman idan yara da masu ciki za su ci. Kada a narka dalma a tukunyar girki ko a tsakar gida.

Idan tsautsayi ya faru, a danne raunin da tsumma mai tsabta, a garzaya asibiti. Ban da zuba toka, ƙasa ko baƙin mai, ban da tonon 'ya'yan dalma da wuƙa. In ido ne, a rufe shi ba tare da an danna ba. Mutane da yawa na ɓoye rauni don tsoron 'yan sanda, sai ya ruɓe a kawo mana. Dokar tarayya ta 2017 ta wajabta wa kowane asibiti karɓar wanda harbi ya sama nan take, ba sai da takardar 'yan sanda ba. Sanar da hukuma aikin asibiti ne, bayan an fara ceton rai. A tuna kuma Dokar Makamai ta 1959 ta sa irin su .303 cikin bindigogin soja da aka haramta wa farar hula, lamba 12 kuwa sai da lasisi.

Roƙona ga sarakunan dawa da shugabannin maharba: kafin ayari ya shiga daji, a tsaya a duba bindiga da harsashin kowa, musamman na samari. Maganarku suke ji fiye da tawa. Ɗinki na iya, amma mayar da yatsan da ya tafi ya fi ƙarfina.