Darasi Na 12: Dutsen Da Ya Faɗo Daga Sama

Ku manoma ne, kun fi ni sanin sama. Kun san fitowar kaza da 'ya'yanta, kun sha ganin tauraro ya tsinke da dare. Wancan abin dutse ne da ya shigo iskar duniyarmu a guje, ya kama da wuta. Yawanci yakan ƙone ƙurmus, wani lokaci guntunsa ya iso ƙasa. Darasin yau magana ɗaya ce: in ka tsinci irin wannan dutse, kada ka wanke shi, kada ka fasa shi.

A wani gida nan Mahuta, bayan an yanke dawa, maigida ya dawo daga gona da wani baƙin dutse a cikin hula. Bai wuce dunƙulen hannu ba, amma nauyi kamar ƙarfe.

"Uwargida, zo ki gani. Wannan ba dutsen gonarmu ba ne."

"Haba maigida! Gatarin aradu za ka shigo mini da shi, ga yara a tsakar gida?"

Amarya ta yi wuf ta karɓe. "Yaya, bari in wanke mu ga launinsa." Ta sa soso da toka, ta dirje shi tas.

Sai ga maƙwabci ya leƙo ta katanga, irin maƙwabcin nan da ba a yin komai ba da shi ba. "Malam, ai wannan maganin mayu ne. A ɗan ɓantara mini." Aka ɗauko guduma. Kafin la'asar rabin unguwa kowa da nasa ɓalli. Wata tsohuwa ta daka nata a turmi, ta jiƙa wa jikanta mai tari, yaro ya kwana yana murɗawar ciki.

Da yamma ɗan gidan ya dawo daga makaranta. "Baba, ina dutsen da ake ta labari?"

"Tambayi Innarka. Ta tokare ƙofar akurki da ragowar."

Kun yi dariya, amma asara ce. Ku saurari dalili.

A watan Oktoba 1962, a Zagami ta ƙasar Katsina, wani manomi yana korar hankaki a gonarsa, sai dutse mai kilo 18 ya faɗo kusa da shi. Aka kai shi ofishin binciken ƙasa da ke Kaduna. Daga baya masana suka tabbatar daga duniyar Mas ya fito, domin iskar da ta maƙale a cikinsa ta yi daidai da wadda kumbon Viking ya auna a can a 1976. Har an sa ɗan ɓallinsa a wani kumbon Amurka da ya tashi zuwa Mas a 1996. Da turmi ya riga masana, da babu wannan labari.

Me suke nema a cikin irin waɗannan duwatsu? Alamar rai. Duk mai rai da ƙwayoyin halitta aka gina shi, kuma iri biyu ne. Akwai masu sauƙi, kamar ƙwayar cutar kwalara. Akwai masu sarƙaƙiya, waɗanda kowace ƙwaya take da cibiya a cikinta: mutum, akuya, dawa, har da funfunar da ke fitowa a kan kwantan tuwo. A duniyarmu masu sauƙin sun riga masu cibiya da fiye da shekara biliyan ɗaya. Har yau ba a tabbatar da samun ko ɗaya daga cikinsu a wajen duniyarmu ba, ana dai nema.

To ga inda hannunka ke ɓarna. Ruwan rijiya cike yake da irin waɗannan ƙananan halittu, haka zufar hannu, haka turmin da aka daka daddawa. In suka shiga dutsen, mai bincike zai sa madubinsa ya ga rai, ashe na rijiyarka ne. Shi ya sa nake maimaitawa: kada ka wanke, kada ka fasa, kada ka shafa masa mai, kada ka bari kowa ya lasa.

Abin yi ba wuya. Ɗauki hotonsa a inda yake, ka kafa alama a wurin. Sa shi cikin sabuwar leda busasshiya, ka sanar da mai unguwa, shi kuma ya kai maganar gaba.

Wanda ilimi bai dame shi ba, ya ji ta kuɗi. Wani dutsen Mas mai kusan kilo 25 da aka tsinta a yankin Agadas a 2023, an sayar da shi a Amurka a 2025 kan dala sama da miliyan 5.

Mai tari a kai shi asibiti. Maƙwabci kuma in ya zo da gudumarsa, a ba shi haƙuri ya koma da ita gida.