Kukan Tamar da Hidimar Warkar da Matan da Aka Yi wa Fyaɗe

Karatu: 2 Sama'ila 13:1-22; Markus 5:25-34
Ayar haddacewa: Zabura 34:18
Manufa: Masu bi su koyi yadda za su taimaki macen da aka ci zarafinta ta hanyar da ta dace da harshenta, al'adarta da bangaskiyarta.

Gabatarwa

A ranar 29 ga Oktoba 2014 mayaƙan Boko Haram suka shiga Mubi, suka kuma mamaye hedikwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya da ke Kwarhi. Kafin wannan, a watan Afrilu, an sace 'yan mata 276 a Chibok, yawancinsu 'ya'yan ekklesiyar. An ƙwato Mubi a watan Nuwamba, jama'a suka koma, aka sake gina majami'u. Amma mata da yawa sun dawo da ciwon da ido ba ya gani. Wani rahoto da UNICEF da International Alert suka fitar a 2016 ya nuna cewa a jihar Borno akwai masu kiran matan da suka kuɓuta "annoba". Fyaɗe kuwa bai zo da yaƙi ba, bai kuma tafi da shi ba. Yana faruwa a gida, a gona, a hanyar makaranta, sau da dama kuma mai laifin sananne ne.

1. Abin da ya sami Tamar

Tamar 'yar sarki ce, wanda ya ɓata ta kuwa ɗan ubanta ne, Amnon. Ta roƙe shi, ya ƙi ji. Bayan haka ta zuba toka a ka, ta yage rigarta, ta fita tana kuka, wato ta bayyana baƙin cikinta yadda mutanenta suka saba. Absalom ya ce ta yi shiru. Dawuda ya husata ƙwarai, amma bai hukunta Amnon ba. Tamar ta zauna cikin kaɗaici a gidan ɗan'uwanta, bayan shekara 2 kuma Absalom ya kashe Amnon. Shirun da aka yi domin rufin asirin gida bai warkar da Tamar ba, gidan ma bai tsira ba.

2. Yadda Yesu ya yi

Matar nan mai zubar jini shekara 12, wadda shari'a ta ɗauke ta marar tsarki, ta zo ta bayansa a ɓoye. Yesu ya tsaya, ya saurare ta har ta faɗi gaskiya duka, sa'an nan ya kira ta 'yarsa a gaban taro. Ya warkar da jikinta, ya kuma mayar mata da mutuncinta a idon jama'a.

3. Taimakon da ya dace da al'ada

Harshe. Baƙin ciki yakan fi fita cikin harshen da aka sha a nono. Bahiga ko Bamargiya ko Bagudiya tana iya jin Hausa sarai, amma ta kasa faɗin abin da ke zuciyarta da ita. A nemo mace amintacciya mai jin harshenta.

Kunya. Mace ba za ta ambaci abin da sunansa ba. Tana iya cewa an taɓa ta, ko ta riƙa kukan ciwon kai, rashin barci da faɗuwar gaba. Kada a matsa mata da tambayoyi. Sau da yawa magana takan fito ne a wurin ɓarar gyaɗa ko surfe, ba a ofishin fasto ba. Nan ne Zumuntar Matan Ekklesiya take da babban aiki.

Dangi. Ba a warkewa a bayan dangi, amma ita ce za ta zaɓi wanda za a gaya wa, ko uwa, ko gwaggo, ko miji. Ɗan da aka haifa ta wannan hanya ba shi da laifi. Dokta Rebecca Dali ta sami lambar yabo ta Sergio Vieira de Mello a 2017 saboda aikin mayar da irin waɗannan mata cikin jama'arsu.

Bangaskiya. Addu'a tana ƙarfafa zuciya, amma kada a tilasta mata ba da shaida a gaban ikilisiya, ko furta gafara tun ba ta shirya ba. Gafartawa kuma ba ta soke shari'a.

4. Inda al'ada za ta ja da baya

Sasantawa da kuɗi a zauren dattawa, ko aurar da yarinya ga wanda ya ɓata ta, zalunci ne a kan zalunci. A kai ta asibiti nan da nan, gama maganin hana kamuwa da ƙanjamau yana aiki ne idan an fara shi cikin awa 72. Dokar tarayya ta hana cin zarafin mutane ta 2015 ta tanadi hukunci mai tsanani ga mai fyaɗe. Idan tana maganar kashe kanta, a haɗa ta da ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa ba tare da jinkiri ba.

Tambayoyi

1. Me ya kamata Dawuda ya yi a matsayinsa na uba da sarki?
2. Waɗanne kalmomi ne ake jifan irin waɗannan mata da su a unguwa?
3. Wace ce mace za ta iya zuwa wurinta a asirce a ikilisiyarku?

A rufe da addu'a domin matan da har yau ba su gaya wa kowa ba.