Darasi na 18: Sitiyarin da ya yi sako-sako

Sitiyari shi ne linzamin mota. In linzamin doki ya yi sako-sako, inda dokin ya ga dama nan zai nufa. Haka mota take. Yawancinmu ba mu da mota, amma dukanmu muna shiga. Waɗansunmu kuma direbobi ne, ko yaran mota. Ran kasuwa mota guda takan ɗauki maza da mata da 'yan goyo, duka ransu yana hannun direba. Saboda haka ya kamata mu san wannan ciwo na mota da maganinsa.

Yadda sitiyari yake aiki

In direba ya murɗa sitiyari, wani dogon ƙarfe ne yake juyawa a ƙasa. Ƙarfen yana shiga cikin akwatin sitiyari, inda haƙoran ƙarfe suke cizon juna. Daga nan sandunan ƙarfe suke tafiya zuwa tayoyin gaba. A bakin kowane sanda akwai gaɓa mai juyawa, kamar gaɓar kafaɗar mutum. An cika ta da giris, an rufe da roba. Gargada da ramuka suna wahalar da gaɓoɓin nan. In robar ta yage, giris ya fita, ƙura da ruwa suka shiga, sai gaɓar ta cinye.

Alamomi

Alama ta 1: direba yana murɗa sitiyari, amma tayoyi ba su amsa nan da nan ba. Ta 2: mota tana yawo a kan hanya, sai an yi ta gyara mata tafiya. Ta 3: ana jin ƙwas-ƙwas daga ƙasa in an faɗa rami. Ta 4: tayar gaba tana cinyewa ta gefe guda.

Yadda za mu duba

Da fari mu tsai da mota a wuri mai lebur, tayoyi suna kallon gaba sosai. Mu duba iskar taya da notunan taya, gama su ma sukan sa mota yawo. In motar mai sitiyarin mai ce, mu ta da inji, mu duba ko man ya ragu.

Sa'an nan mu kaɗa sitiyari a hankali, dama da hagu, muna kallon taya. A ƙaramar mota, in sitiyari ya motsa fiye da faɗin yatsa 2, watau kamar santimita 3, taya ba ta motsa ba, to, akwai ɓarna.

Yanzu aikin mutum 2 ne. Ɗaya ya yi ta kaɗa sitiyari, ɗaya ya durƙusa yana duban gaɓoɓi. Inda ƙarfe guda ya motsa, ɗan'uwansa bai bi shi ba, nan ɓarnar take.

Bayan haka mu ja birkin hannu, mu tare tayoyin baya da duwatsu, mu ɗaga gaba da jak. Mu kama taya dama da hagu mu girgiza. In ta yi wasa, galibi gaɓar sanda ce. Mu sake kama ta sama da ƙasa. In ta yi wasa, boris ne, ko kuwa gaɓar da take riƙe da ƙafar motar. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai. Tilas a tokare ta da kututture mai ƙarfi, gama jak yakan zame.

Gyara

In noti ne ya kwance, sai a ɗaure shi da sufana, a sa masa fil sabo don kada ya sake kwancewa. Akwatin sitiyari na manyan motoci yana da abin saiti a samansa. Bakanike ne yake ɗaure shi, kaɗan-kaɗan. In ya matse da yawa, sitiyari zai yi tauri, ba zai komo daidai bayan kwana ba.

Amma gaɓar da ta cinye ba ta ɗauruwa. Lalle sai sabuwa. Waɗansu sukan cusa mata roba, ko su buge ta da guduma, ko su yi mata walda, wai don kada su kashe kuɗi. Wannan mugun aiki ne. Ran da gaɓar ta fizge, taya za ta juya inda ta ga dama, sitiyari ba shi da sauran iko a kanta. Kuɗin gaɓa kaɗan ne, rai kuwa ba a sayo shi a kasuwa.

In an sa sabuwa, a kai motar a yi wa tayoyin gaba saiti, in ba haka ba za su cinye da wuri. In kuwa mun iske gaɓa ta yi mugun wasa, motar nan kada ta ɗauki ko mutum guda sai an gyara. Mu da muke fasinja, in mun ga alamun nan, mu yi wa direba magana cikin ladabi. In ya ƙi ji, gara mu sauka mu jira wata.

Tambayoyi

1. Me yake sa gaɓa ta cinye?
2. Faɗi alamomi 4 na sitiyari mai sako-sako.
3. Don me ba a shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai?

Ku rubuta waɗannan kalmomi: sitiyari, gaɓa, giris, boris, sufana.