Hazo da Hadari: Nasiha ga Matasan Matuƙa

'Ya'yana masu koyon tuƙin ƙaramin jirgi a kwalejin Zariya, na san hankalinku yana kan sauka da tashi, amma ku ba ni aron kunnuwanku kan yanayi.

Kafin ku taɓa jirgi ku nemi rahoton hukumar NiMet. METAR yana faɗa muku abin da ke faruwa yanzu a filin jirgi, TAF kuma abin da ake tsammani nan da sa'o'i masu zuwa. Ku duba na inda za ku, ku duba na filin da za ku koma idan hanya ta toshe, sannan ku sha man da zai kai ku can har da rara.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne hazon hunturu, domin ba ya zuwa da tsawa balle mutum ya razana. Iskar arewa maso gabas ke kwaso ƙurar daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Kana tsaye a ƙasa, ka ɗaga kai ka hango rana, sai ka ce ai da sauƙi. Da ka tashi ka dubi gabanka, iyakar da ta raba ƙasa da sama ta ɓace. Daga nan jikinka zai fara yi maka ƙarya: jirgi ya karkata kana jin yana daidai, ka gyara shi kana jin ka karkatar. Haka ta faru da John F. Kennedy ƙarami a daren 16 ga Yulin 1999, ya shiga hazo a kan teku a Amurka, ya rasu tare da matarsa da yayarta. Idan kun samu kanku a ciki, ku gaskata na'urorin da ke gabanku, ku juya a hankali ku koma. Mai tuƙi da ido yana buƙatar ganin aƙalla kilomita 5, kuma sabon hannu ya kamata ya ƙara wa kansa.

Hadarin damina shi ko ba ya ɓuya. A ƙasarmu galibi daga gabas yake tasowa, guguwa tana gaba ruwa na biye, kamar yadda kowane manomi ya sani. Ku ba shi tazarar mil 20. Kada ku ce za ku ratsa ta ƙarƙashinsa, akwai iska mai dannowa ƙasa da ta fi ƙarfin injinku.

Wani lokaci fasinja zai matsa a tashi duk da yanayin bai yi kyau ba, wai ɗaurin aure ne ko taro. Ku ba shi haƙuri cikin ladabi, ku nuna masa tashar mota.

Ranar da za ku tashi daga Jos da zafin rana, ku tuna filin yana kan tudu mai tsayin sama da ƙafa 4,000, iska ba ta da kauri, jirgi zai ci titi da yawa kafin ya ɗaga. Ku rage kaya, ko ku tashi da sanyin safiya.