Sauye-sauyen Mahaɗar Jijiyoyi a Tantanin Gani da Yadda Ido Ke Sabawa da Haske

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ƙwayoyin jijiya na tantanin gani, wato ratina, suke daidaita aikinsu da yawan haske ko ƙarancinsa. Ta nuna cewa wani muhimmin kaso na wannan aiki yana gudana ne a mahaɗar da wata ƙwaya ke miƙa saƙo ga wata, domin ƙarfin mahaɗar yakan sauya.

1.0 Gabatarwa

Hasken rana tsaka ya ninka na taurari sau ɗaruruwan miliyoyi, amma ido ɗaya ne ke gani a duk yanayin biyu. Ƙofar baƙin ido tana buɗewa daga kimanin milimita 2 zuwa 8, abin da ke ƙara hasken da ke shiga sau 16 kacal. Ke nan sauran aikin yana wuyan tantanin gani, mai ɗauke da ƙwayoyi masu siffar sanda kimanin miliyan 120 don ganin dare, da masu siffar mazurari kimanin miliyan 6 don ganin rana da launi.

2.0 Daidaitawa a Ƙwayoyin Karɓar Haske

A shekarar 1979 Baylor da Lamb da Yau suka tabbatar, ta hanyar gwaji da idon kwaɗo, cewa ƙwaya mai siffar sanda tana amsa ko da ɗigon haske guda. Wannan kaifi zai sa ta ƙoshi nan take da rana, ba don raguwar sinadarin kalsiyam a cikinta ba, wanda ke rage mata kaifin amsawa. Idan mutum ya shiga duhu, masu siffar mazurari sukan daidaita cikin minti 10, masu siffar sanda kuwa sai bayan minti 30 ko fiye. Sinadarin da suke kama haske da shi daga bitamin A ake gina shi, shi ya sa ƙarancinsa ke haddasa dundumi.

3.0 Sauyawar Mahaɗa

Daga ƙwayoyin karɓar haske, saƙo yakan bi ta ƙwayoyi masu baki biyu zuwa ƙwayoyin gangiliyon, waɗanda zarensu ke haɗa jijiyar gani. Sauyi yana faruwa ta hanyoyi uku.

Na farko, ƙwaya mai baki biyu tana tara sinadarin gulutamet a ƙananan jakunkuna a bakin mahaɗa. Idan haske ya yi ta ƙaruwa da raguwa da ƙarfi, jakunkunan sukan ƙare kafin a cike gurbinsu, sai saƙon ya yi rauni cikin daƙiƙoƙi. Wannan rauni shi ke hana ƙwayar gangiliyon cika da saƙo har ta kasa bambance komai.

Na biyu, haske yana sa wasu ƙwayoyin amakirin fitar da dofamin. Shi kuma yana rufe ƙananan ƙofofin lantarki da ke haɗa ƙwayoyin kwance da juna. Akwai irin waɗannan ƙofofi tsakanin masu siffar sanda da masu siffar mazurari, kuma sun fi buɗewa da dare, inda ƙwayoyi ke haɗa ɗan saƙon da suka samu. Da rana kowace takan tsaya da ƙafarta, hoto ya ƙara fitowa sarai.

Na uku, siffar mahaɗar kanta tana sauyawa. A 1980 Wagner ya bayyana wasu 'yan tsirori a ƙwayoyin kwance na idon kifi, waɗanda ke fitowa cikin haske, su noƙe cikin duhu.

4.0 Kammalawa

Tantanin gani yana gyara mahaɗunsa gwargwadon hasken da ya tarar. Wannan sani yana da nauyi a fagen magani. A cututtukan gado da ke kashe ƙwayoyin karɓar haske, ƙwayoyin da suka rage sukan janye rassansu su ƙulla sababbin mahaɗu marasa tsari. Duk wani yunƙuri na maido da gani, ta hanyar dasa na'ura ko sababbin ƙwayoyi, ya dogara ne da yadda waɗannan mahaɗu suka kasance a lokacin da aka kai ɗauki.