Darasin C: Yadda Za Ka Sa Shiri Ya Share Bayansa Da Kansa

Duk wanda ya fara koyon yaren C ya san wannan doka: abin da ka buɗe, kai za ka rufe shi. Ka buɗe fayil da fopen, sai ka rufe da fclose. Ka nemi memori da malloc, sai ka mayar da free. Matsalar ita ce fankshin ɗaya yana iya samun ƙofofin fita biyar, mutum ya manta ɗaya. Daga nan memori ya fara yoyo, ko fayiloli su taru a buɗe har shirin ya kai iyakarsa, wadda a tsarin Linux da yawa 1024 ce, ya kasa buɗe komai.

A C++, Bjarne Stroustrup ya magance wannan da dabarar RAII. A C kuwa, kompailolin GCC da Clang suna da wata alama mai suna cleanup: da zarar shiri ya fita daga baka masu lanƙwasa da aka ƙirƙiri bariyabul a cikinsu, za a kira fankshin ɗin shara kai tsaye. Kanel ɗin Linux, wanda Android ke zaune a kansa, ya shigo da ita a sigar 6.5 ta shekarar 2023.

Ba sai da kwamfuta ba. Buɗe Termux a wayarka, rubuta pkg install clang, ka gwada:

```c
static void rufe(FILE **p) {
    if (*p)
        fclose(*p);
}

int karanta(const char *suna) {
    __attribute__((cleanup(rufe)))
    FILE *f = fopen(suna, "r");
    if (!f)
        return -1;
    return fgetc(f);
}
```

Ka lura da taurari biyu a FILE **p. Nan ne mutane ke faɗuwa. Alamar cleanup ba ƙimar bariyabul take miƙawa ba, adireshinsa take miƙawa. Saboda haka idan ka yi ƙiwa ka rubuta cleanup(free), kompaila na iya barinka ka wuce, tunda free na karɓar kowane irin manuni. Amma abin da za a saki adireshin bariyabul ɗin ne, ba memorin da malloc ya ba ka ba. Shirin zai tarwatse. Shi ya sa ake naɗe free ko fclose cikin ƙaramin fankshin irin na sama.

Wasu kan tilasta wa manunin fankshin ya sauya nau'i don kompaila ta yi shiru. Kada ka yi. Ƙa'idar C ba ta ba da tabbacin komai ba idan aka kira fankshin ta manunin da nau'insa bai dace ba. Yana iya aiki a wayarka, ya ƙi a ta wani.

Binciken if (*p) ma ba ado ba ne. Miƙa wa free NULL ba laifi, amma fclose ba ya yafe hakan. Kuma kada ka bar bariyabul mai cleanup babu ƙima. Ko NULL ne ba shi tun farko.

Idan kuma kana so ka mayar wa wanda ya kira ka fayil ɗin a buɗe fa? Kwafe manunin, ka mai da na asali NULL, sannan ka dawo da kwafin. Aikin da g_steal_pointer ke yi a GLib ke nan. Sai dai ka sani, kiran exit ko longjmp yana tsallake sharar gaba ɗaya, kuma kompailar Microsoft ba ta san wannan alama ba.