Tsofaffin leyas a bayan gida: darasi ga mai fara kiwo

Darasin yau na wanda bai taɓa kiwon kaza ba ne, yana son ya fara da 'yan ƙalilan a bayan gida don ƙwan karin kumallo. Magana ce kan tsofaffin leyas, wato kajin ƙwai da gona ta gama da su ta fito da su daga keji.

A Ingila ajiye irin waɗannan kaji ya zama ruwan dare. Gonakin can sukan sallami kaza idan ta kai wajen mako 72, ba don ta daina ƙwai ba, sai don ƙwan ya ragu har riba ta fara ja baya. Daga nan sai mayanka. A 2005 wata mata mai suna Jane Howorth ta kafa ƙungiyar British Hen Welfare Trust, wadda ke karɓo kajin daga gonaki tana raba wa masu son ajiye su a gida. Zuwa 2024 sun raba kaza miliyan ɗaya. Tun 2012 Tarayyar Turai ta haramta tsohon kejin da kaza ɗaya ba ta samun filin da ya kai takardar A4, sai dai an bar wani keji mai ɗan faɗi da sandar hawa.

Su can tausayi ne yake sa yawancinsu, kaza ta zauna kamar kyanwar gida har ta mutu da kanta. Mu nan kuwa tsofaffin leyas tukunya suke nufa, musamman gab da Sallah da Kirsimeti. Amma fa kazar iri ɗaya ce, jar nan irin su ISA Brown, kuma kejin da aka hana a Turai shi ne a gonakinmu da yawa. Don haka abin da suka koya wajen farfaɗo da ita zai yi mana amfani.

Mu fara da zaɓe. Ka je gonar da kanka, kada ka saya a kasuwa inda aka cakuɗa kaji daga wurare goma. Ka tambayi shekarunsu da ranar rigakafinsu na ƙarshe. In ka ga ana karyar da farashi ana gaggawar rabuwa da su, ka ja da baya, domin wani lokacin ciwo ne ya shiga garken, kuma murar tsuntsaye ba abin wasa ba ce.

Kada rashin gashi ya tsorata ka. Wuya a tsige, gindi a buɗe, zanko fari ya kwanta gefe, farce ya yi zaƙo-zaƙo, duk zaman keji ne, kuma suna gyaruwa. Abin gudu shi ne ido mai ruwa, numfashi mai ƙara, koren kashi, kumburin fuska, da ciki mai tauri ko mai cike da ruwa wanda ke sa kaza tafiya a tsaye kamar agwagwa. Sannan ka ɗauke ta ka lalubi ƙasusuwa biyun da ke gefen mafitar ƙwai. In yatsu biyu ko uku suka shige tsakaninsu, tana ƙwai. In ɗaya ne da ƙyar, ta tsaya. Kuma sau da yawa wadda ta fi kyan gashi, mai ƙafa rawaya shar, ita ce ta daɗe da daina aiki.

Yanzu makonnin farko, nan ne masu farawa ke yin asara. Wannan kaza ba ta taɓa taka ƙasa ba. Ba ta san rana ba, ba ta san ruwan sama ba, ba ta san shirwa ko muzuru ba. Ni kaina da na fara kawo su gida, na sake su a tsakar gida ina jin na yi musu gata. Magariba ta yi, ba wadda ta nufi akurki, suka tsaya cirko-cirko a inda duhu ya same su, sai da na bi su ɗaya bayan ɗaya da fitila. Bayan kwana biyu wata ta diro daga sandar da na kafa musu a sama ta karye a ƙafa. Laifina ne. Kazar da ta shekara tana ƙwai kusan kullum ta kwashe sinadarin kalsiyam daga ƙashinta ta zuba a ɓawon ƙwai, ga rashin motsi a keji, sai ƙashin ya zama kamar busasshen kara.

To ga yadda ya kamata. Ka rufe su a ɗakinsu kwana uku zuwa mako ɗaya, da ɓuntun shinkafa a ƙasa, su san nan ne gida. Kada ka sa sandar hawa tukuna, in za ka sa daga baya kada ta wuce taƙi ɗaya daga ƙasa. Idan za ka ɗauki kaza, rungume ta da hannu biyu, kada ka rataye ta ta ƙafa ko fiffike yadda 'yan kasuwa ke yi. A keji ta saba shan ruwa daga ɗan bakin famfo, don haka ka tsoma bakinta a mazubin ruwa ta gane, ka zuba bitamin na kwana uku saboda wahalar hanya. Inuwa dole ce, fatar da ba gashi rana tana ƙona ta, hunturu kuma yana dukanta, sai ka rufe gefen da iska ke shigowa da buhu.

In akwai kajin Hausa a gidan, raba su aƙalla mako biyu, uku ya fi. Kowane ɓangare na iya ɗauke da abin da zai kashe ɗayan. Ka ci gaba da rigakafin Lasota saboda cutar Newcastle bisa shawarar likitan dabbobi, ka kuma ba su maganin tsutsar ciki bayan sun fara kiwo a ƙasa. Zakara ma ya dakata, nauyinsa da farcensa za su yaga bayan da ba gashi. Faɗa kuwa za su yi a tsakaninsu kafin su san babba da ƙarama. Ka sa mazubin abinci biyu nesa da juna, wadda ta yi jini ka cire ta nan take, don kaza in ta ga ja ba ta daina sara.

Abinci: kada ka ce tunda sun zo gida sai dusa da ragowar tuwo. Ka ci gaba da ba su abincin leyas ɗin da suka saba, wajen giram 120 kowace kaza a rana, ka ajiye ɓawon ƙwai gasasshe dakakke a wani kwano daban. Ganyen zogale da sauran ganye su zo a hankali. Kada ka damu in ƙwai ya ɗauke bayan 'yan kwanaki. Canjin wuri yana jawo haka, fitar sabon gashi ma haka, domin furotin ɗin da zai tafi ƙwai shi ke tafiya gashi. Cikin wata biyu zuwa uku za ka ga zanko ya yi ja, jiki ya rufe.

Sai lissafi, wanda shi ne fannina. Kaza goma suna cin kilo 1.2 a rana, buhu mai kilo 25 zai kai su kusan kwana 21. A ce suna ba ka ƙwai shida kullum, ka samu 126 ke nan, kiret huɗu da ƙwai shida. Ɗauki kuɗin buhu a garinku yau ka kwatanta da kuɗin kiret huɗu. Za ka ga ratar ba ta da yawa, kuma ƙwan raguwa zai riƙa yi, ɓawon yana ƙara laushi. Ba kasafai suke kwanci ba, don haka kada ka sa ran 'yan tsaki. Wanda ke neman kasuwancin ƙwai ya nemi 'yan mata masu shirin fara ƙwai, 'yan mako 16 zuwa 18. Amma wanda ke son ya koyi hannu ba tare da ɗawainiyar dumama 'yan tsaki ba, ya samu ƙwan gida da takin lambu, ga kuɗin nama a ajiye ranar da ya so sayarwa, ya fara da biyar ko shida. Kada ya ɗauki ɗaya tak, kaɗaici yana hana ta ci.

Wanda ya taɓa gwadawa ya faɗa mana wata nawa nasa suka yi suna ƙwai bayan sun bar keji.